Zanen Aro: Yadda Ƙafa Ta Daɗe Tana Shan Maganin Zuciya

A ranar 16 ga Janairu, 1964, a asibitin Jami'ar Oregon da ke birnin Portland a Amurka, aka kai wata tsohuwa mai shekara 82 gaban wani likitan hoto da ake kira Charles Dotter. Yatsun ƙafarta ta hagu sun fara ruɓewa, ga azabar ciwo, likitocin tiyata kuma sun riga sun yanke cewa ba abin da ya rage sai a guntule ƙafar. Ita ko ta ce atafau ba za a yanke ba. Hoto ya nuna cewa babbar jijiyar da ke kai jini ta cikin cinyarta ta tsuke a wani ɗan gajeren wuri. Dotter ya zura siririyar waya ta ratsa wurin, ya bi bayanta da bututu, ya ƙara da wani mafi kauri a kansa, har hanya ta buɗe. Ƙafar ta yi ɗumi, ciwon ya lafa, tsohuwar ta fita asibiti da ƙafafunta. Ta ƙara shekara biyu da wani abu a duniya kafin ciwon zuciya ya yi ajalinta.

A wannan rana aka fara buɗe jijiyar jinin mutum daga ciki ba tare da an tsaga ta da wuƙa ba, kuma a ƙafa aka fara. Shekara goma sha shida kafin nan, a 1948, wani likitan tiyata a Paris, Jean Kunlin, ya ɓullo da wata dabarar: ya zare doguwar jijiyar da ke mayar da jini ta ƙarƙashin fatar ƙafa, ya juya ta kai ya koma gindi saboda 'yan ƙofofin da ke cikinta, ya ɗinka ta sama da ƙasan inda ya toshe, jini ya kewaye wurin kamar yadda mota ke bin titin baifas. A 1974 kuma Andreas Grüntzig, Bajamushen da ke aiki a Zurich, ya sa balan-balan a bakin bututu, irin waɗanda ya riƙa haɗawa da hannu a kan teburin kicin ɗin gidansa, ya hura ta a jijiyar ƙafar wani majinyaci. Sai a 1977 ya kai wannan balan-balan cikin jijiyar zuciya.

To, amma buɗe hanya daban, riƙe ta a buɗe daban. Duk dabarun nan uku suna barin rauni a bangon jijiya, jini kuwa bai san bambancin raunin da likita ya yi da niyyar gyara da wanda ƙaya ta yi ba. Tarihin magungunan da ake ba mutum bayan an buɗe masa jijiyar ƙafa tarihi ne na neman hana jiki “gyara” aikin da aka yi masa. Kuma kusan tsawon wannan tarihi, hujjar da likitocin ƙafa suka dogara da ita aro ce daga wajen likitocin zuciya.

Masu wannan gyara na ganganci wasu ƙananan ƙwayoyi ne a cikin jini da ake kira filatilet. A 1882 Giulio Bizzozero, masani a birnin Turin na Italiya, ya sa ido a madubin ƙara girma yana kallon jijiyar dabba mai rai, ya ga da zarar an ji wa bangon ciwo sai waɗannan ƙwayoyi su yi cincirindo a wurin, su manne, su kira 'yan'uwansu, har su zama toshi. Da ba don su ba, da yankan reza ma ya isa ya zubar da jinin mutum ya ƙare. Amma a cikin jijiyar da aka yage da balan-balan, ko a bakin ɗinkin baifas, wannan toshi shi ne farkon gudan jinin da zai rufe hanyar baki ɗaya, wani lokaci cikin kwanaki kaɗan.

Maganin da zai lafar da su ya daɗe a kantuna ba a san yana wannan aiki ba. Felix Hoffmann na kamfanin Bayer ya haɗa asfirin a 1897, aka fara sayar da ita a 1899 don zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Sai wajen 1950 wani likitan unguwa a Glendale ta jihar Kalifoniya, Lawrence Craven, ya lura cewa waɗanda aka cire wa ƙululun maƙogwaro, in suka yawaita taunar cingam mai asfirin don rage zafi, sun fi zubar da jini. Ya yi tunanin abin da ke hana jini tsayawa a maƙogwaro zai iya hana shi daskarewa a zuciya, ya shiga ba dubban maza masu matsakaitan shekaru ƙwaya kullum. Ya wallafa abin da ya gani a ƙananan mujallu, bai kuma ware wani rukuni da bai sha ba don a kwatanta, saboda haka manyan malamai suka yi ko oho da shi. Ya rasu a 1957, da bugun zuciya.

Bayani ya zo daga baya. A ƙarshen shekarun 1960 aka tabbatar a ɗakin gwaji cewa asfirin na hana filatilet mannewa da juna. A 1971 John Vane a Landan ya gano cewa tana toshe hanyar da jiki ke bi ya sarrafa wasu sinadaran aike, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1982. A 1975 ɗakin binciken Bengt Samuelsson a Stockholm ya gano ainihin sinadarin da filatilet ke fitarwa ta kira 'yan'uwanta, wato turomboksen. Sirrin kuwa shi ne filatilet ba ta da cibiyar da za ta sake ƙera abin da aka lalata mata. Da zarar asfirin ta taɓa ta, ta kurumce ke nan har ƙarshen rayuwarta, kwana bakwai zuwa goma. Shi ya sa ƙaramar ƙwaya ta miligiram 75 ko 100 sau ɗaya a rana ta wadatar, shi ya sa kuma wanda ya daina sha, cikin mako guda jininsa ya cika da sababbin filatilet da ba su san da zaman maganin ba.

Daga nan sai zuciya ta kwashe kuɗi da hankali. Gwajin ISIS-2 na 1988 ya ƙunshi mutum sama da 17,000 masu bugun zuciya, ya nuna asfirin kaɗai ta rage mace-mace da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙafa ba ta sami gwaji mai kama da wannan ba. Abin da aka yi mata ƙananan bincike ne, wannan mutum ɗari, wancan ɗari biyu, galibi a kan asfirin haɗe da wani magani mai suna difiridamol. Sai da masanan Oxford suka tattara gwaje-gwajen duniya wuri guda a 1994 sannan aka iya cewa da ƙarfin gwiwa waɗannan magunguna na rage toshewar baifas ɗin ƙafa. Dalilin wannan wariya ba boyayye ba ne. Bugun zuciya na kayar da mutum a tsakiyar aiki, kowa ya gani. Ciwon jijiyar ƙafa kuwa a hankali yake zuwa: sha-raɓa ta riƙa ɗaurewa in an yi tafiya, ta saki in an huta, a ce tsufa ne, daga baya ƙafa ta hana barci, daga baya gyambo ya ƙi warkewa. Masu shi yawanci tsofaffi ne, masu ciwon suga, masu shan taba, talakawa, kuma ba wani fannin likitanci guda da ya ɗauke su nasa. Likitan tiyata, likitan hoto da likitan zuciya duk suna taɓa ƙafar, kowa da al'adarsa.

Aro mafi girma ya biyo bayan sitent, wato 'yar ragar ƙarfen da ake tokare jijiya da ita daga ciki. An fara sa ta a jijiyar zuciyar mutum a 1986, a Toulouse da Lausanne, kuma farkon lamarin bai yi daɗi ba, domin a rahoton farko mai girma kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun toshe da wuri. Aka riƙa ɗura wa majinyata magungunan tsinka jini masu ƙarfi, suna kwana da kwanaki a asibiti, suna zubar da jini ta inda aka huda matsematsi. A 1996 wani gwaji a Munich mai mutum 517 ya nuna cewa haɗa asfirin da wani maganin filatilet na biyu, tikilofidin, ya fi wancan tsari nesa ba kusa ba, wajen hana toshewa da wajen rage zubar jini. Tikilofidin na da aibin karya fararen ƙwayoyin jini, sai ƙanensa kulofidogirel, wanda aka fara sayarwa da sunan Plavix a ƙarshen shekarun 1990, ya gaje shi. Tun daga lokacin “magani biyu bayan sitent” ya zama doka a zuciya, dokar da ke da dubban majinyata a bayanta.

Likitocin ƙafa suka ɗauki dokar yadda take. Wanda aka hura wa balan-balan ko aka sa wa sitent a cinya, sai a sallame shi da asfirin da kulofidogirel, wani ya ce wata ɗaya, wani uku, wani shida, wani shekara. Kamfanonin da ke gwada sababbin sitent na ƙafa suka rubuta magani biyun cikin ƙa'idojin gwajinsu, daga nan ya shiga takardar umarnin kayan, daga nan ya zama abin da “kowa ke yi”. Babu wanda ya tsaya ya gwada shi a babban sikeli. Da aka zo gwadawa, a Tübingen ta Jamus, a binciken MIRROR da aka wallafa a 2012, mutum 80 kacal aka raba gida biyu. A wata shida waɗanda ke shan magani biyu sun fi ƙarancin komawa a sake buɗe musu jijiya. Bayan an tsayar da kulofidogirel, da shekara ta cika, bambancin ya ɓace. Al'adar da ta shafi miliyoyin ƙafafu a duniya, babban abin da ke ƙarƙashinta kai tsaye shi ne wannan gwaji na mutum 80.

Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara, kuma a nan maganar ta faɗa daidai inda aka nufa, domin jijiyar cinya ba jijiyar zuciya ba ce. Toshewar zuciya santimita biyu ce ko uku. Ta cinya na iya kai tsawon kamu guda ko fiye. Jijiyar cinya na lanƙwashewa, tana murɗewa, tana gajarcewa a duk taku da duk durƙuso, har ƙarfen sitent kan karye a cikinta. Ƙasa da gwiwa jini a sanyaye yake tafiya cikin ƙananan hanyoyi da suka yi tauri da alli, musamman ga mai ciwon suga ko ciwon ƙoda. Sannan yawancin tsukewar da ke dawowa bayan watanni ba gudan jini ba ne, tabo ne, naman bangon jijiya ne ke girma ya cike hanya, abin da maganin filatilet ba shi da iko sosai a kansa.

Abin mamaki shi ne, duk lokacin da aka saurari ƙafa sai ta faɗi abin da ba a zata ba. A gwajin CAPRIE na 1996, mai mutum 19,185, an kwatanta kulofidogirel da asfirin. A jimlace fifikon kulofidogirel ɗan kaɗan ne, ƙasa da kashi 9 cikin 100. Amma a cikin mutum 6,452 da aka ɗauka saboda ciwon jijiyar ƙafa, raguwar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta kai kusan kashi 24. A 2008 da 2010 gwaje-gwaje biyu a Sikotilan suka nuna cewa asfirin ba ta amfana wa waɗanda awo ya nuna jijiyarsu ta tsuke amma ba su fara jin komai ba. Tikagirelo, wanda ya kayar da kulofidogirel a bugun zuciya, da aka gwada shi a kan masu ciwon ƙafa 13,885 a binciken EUCLID, sai suka yi kunnen doki.

Ɓangaren tiyata ya ɗan fi sa'a, domin an yi masa gwaje-gwaje biyu na kirki, kuma darasinsu ɗaya ne: abin da aka ɗinka shi ke zaɓar magani. A Holan, binciken BOA na shekara ta 2000 ya raba mutum 2,690 da aka yi wa baifas tsakanin asfirin da maganin tsinka jini irin dangin warfarin. A jimlace babu bambanci wajen toshewa, sai dai zubar jini mai tsanani ya kusa ninkawa ga masu shan na biyun. Amma da aka duba ciki, baifas ɗin da aka yi da jijiyar mutum ya fi zama lafiya da maganin tsinka jini, wanda aka yi da bututun roba kuma ya fi zama lafiya da asfirin. Shekara goma bayan haka CASPAR, mai mutum 851 da baifas ɗinsu ya sauka ƙasa da gwiwa, ya ƙara kulofidogirel a kan asfirin. Nan ma a jimlace babu riba, sai ga masu bututun roba kaɗai, waɗanda matsalarsu ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Hankali na karɓar wannan, tun da roba baƙuwa ce a jiki, ba ta da laushin shimfiɗar da jijiya ke da ita, filatilet kuwa ba ta ƙyale baƙo. Sai dai sakamakon da aka tsamo daga wani yanki na gwajin da bai ci nasara gaba ɗaya ba, hujja ce mai rauni, kuma masana sun san haka ko da suna aiki da ita.

Sauyin ya zo ne ta wata ƙofa dabam. Gudan jini abu biyu ne ke gina shi: filatilet, da kuma zaren da ke ɗaure su, wanda sinadarin turombin ke saƙawa. Turombin ɗin nan kuma shi ne mafi ƙarfin abin da ke tayar da filatilet. An taɓa gwada kama ɓangarorin biyu ta hanyar haɗa warfarin da maganin filatilet, a binciken WAVE na 2007, aka ƙare da zubar jini mai barazana ga rai ba tare da wata riba ba. Da aka sami sabon magani, ribarokzaban, wanda ake sayarwa da sunan Xarelto, sai aka yi tunanin a ba da ɗan kaɗan ƙwarai, miligiram 2.5 safe da yamma, wato rubu'in abin da ake ba mai rikicewar bugun zuciya a rana, a ɗora shi a kan asfirin. Binciken COMPASS, wanda aka jagoranta daga Hamilton ta Kanada, ya gwada haka a kan mutum 27,395, aka ma tsayar da shi da wuri a 2017 saboda fifikon ya fito fili. A cikin 7,470 masu ciwon jijiyoyin wajen zuciya, munanan matsalolin ƙafa, har da yankewa, sun ragu da kusan rabi. A 2018 kuma masu binciken gawa da sassan jiki a New York suka duba jijiyoyin ƙafafun da aka yanke, suka tarar cewa ƙasa da gwiwa sau da yawa abin da ya rufe hanya tsohon gudan jini ne, a wurin da maiƙon bango bai kai ya kawo ba. Wato ciwon ƙafa ya fi jingina da daskarewar jini fiye da yadda aka ɗauka tun asali.

Gwajin da ƙafa ta jira tun zamanin Dotter ya fito a watan Maris na 2020, daidai lokacin da annobar korona ta rufe duniya, har aka gabatar da shi ta intanet maimakon zauren taro. VOYAGER PAD ya ɗauki mutum 6,564 a ƙasashe 34, dukkansu ba su wuce kwana goma da buɗe musu jijiyar ƙafa ba, kusan kashi biyu cikin uku ta bututu, sauran ta tiyata. Kowa na shan asfirin. Ƙuri'a ta ba rabi ƙaramin ribarokzaban, rabi ƙwayar da ba komai a cikinta. A shekara uku, kashi 19.9 cikin 100 na masu asfirin kaɗai sun gamu da ɗaya daga cikin masifu biyar: toshewar ƙafa farat ɗaya, yanke ta, bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ko mutuwa ta dalilin jijiyoyi. A ɗaya rukunin, kashi 17.3 ne. Ya kamata a karanta lambobin nan yadda suke. Mutum ɗaya cikin biyar na shiga uku cikin shekara uku duk da an yi aiki ya yi kyau kuma yana shan asfirin, wannan shi ne babban labarin. Ribar sabon haɗin ta fi fitowa ne wajen hana toshewar farat ɗaya, daga kashi 7.8 zuwa 5.2; bai rage mutuwa ba. Zubar jini mai tsanani, bisa ɗaya daga ma'aunai biyun da aka yi amfani da su, ya tashi daga kusan kashi 4 zuwa kusan 6, ko da yake zubar jini a ƙwaƙwalwa da wanda ke kisa ba su ƙaru ba. An kuma cire waɗanda suka taɓa shanyewar ɓarin jiki da masu haɗarin zubar jini tun daga farko. Kamfanin Bayer, wanda ya fito da asfirin shekara 120 baya, shi ne mai ribarokzaban, yana kuma cikin waɗanda suka ɗauki nauyin gwajin.

Duk wannan ya faru ne a Turai da Amurka da makamantansu, amma ciwon ba can ya fi yawa ba. Ƙiyasin da aka wallafa a mujallar Lancet a 2013 ya sa masu ciwon jijiyar ƙafa a duniya a kan miliyan 202 a shekarar 2010, kusan kashi 70 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. A garuruwan da ciwon suga ke ƙaruwa kuma ɗakin buɗe jijiya ya yi ƙaranci, majinyaci kan iso asibiti ne bayan yatsa ya yi baƙi, wanda kuma ya sami aikin, sau da yawa a wani gari ko wata ƙasa ya yi shi, ya dawo gida da takardar magani da zai saya daga aljihunsa. Asfirin arha ce, kulofidogirel ma ya yi sauƙi tun da wa'adin mallakarsa ya ƙare, ribarokzaban sau biyu kullum na shekaru kuwa wani lissafi ne. A nan ne abin da aka gano game da rayuwar filatilet ke da nauyi, domin wanda ya ajiye ƙwaya don ƙafa ta yi ɗumi ya koma inda ya fito cikin kwana goma, wanda kuma ya haɗa ta da magungunan ciwon jiki na kemis irin su ibufurofen da dikulofenak yana kiran gyambon ciki da zubar jini.

A 2024 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka sabunta jagorarsu. Haɗin asfirin da ƙaramin ribarokzaban bayan buɗe jijiyar ƙafa ya sami matsayi na farko, wanda ake ba abin da babban gwaji ya tabbatar. Tsohuwar al'adar asfirin da kulofidogirel bayan aikin bututu ta zauna a mataki na ƙasa, na abin da ya dace a yi, na tsawon wata ɗaya zuwa shida. A VOYAGER kusan rabin majinyatan likitocinsu sun ƙara musu kulofidogirel bisa sabo, ya zama magani uku ke nan ga wasu. Da aka bi diddiginsu, ribar ribarokzaban ba ta canja ba ko da kulofidogirel ko babu, sai dai waɗanda suka wuce kwana 30 suna shansa sun fi zubar da jini.